DOKA KAFIN KYAUTA: Abin Da Masu Son Shirya Gasar Hoto A Suleja Za Su Kula Da Shi

A shekarar 2023 ne wani mai ɗaukar hotunan jarida daga Kano, Malam Sani Maikatanga, ya zo na ɗaya a gasar hotuna ta nahiyar Afirka wadda ake kira Wiki Loves Africa. Batun da aka ba masu shiga gasar a wannan shekara shi ne yanayi da sauye-sauyensa, shi kuwa hoton da ya ciyo masa kyautar na ambaliyar ruwa ne a ƙasar Auyo ta Jihar Jigawa. Gasar nan, wadda aka soma tun 2014, ba ta ƙwararru kaɗai ba ce. Duk mai kyamara ko wayar hannu yana da ikon shiga, kuma ba a biyan ko kwabo.

Labari ne mai ƙarfafa gwiwa ga samari da 'yan matan Arewa masu sha'awar ɗaukar hoto, na gida da mazauna Kurmi. Amma akwai abin da ba a cika tunawa da shi ba in ana cikin murna, watau kafin alƙalai su kalli kyan hoto, sai ya haye sharuɗɗan gasa tukuna. A gasar da aka ambata, tilas ya kasance mai shiga ne ya ɗauki hoton da hannunsa, tilas hoton ya dace da batun shekarar, a shigar da shi cikin kwanakin da aka ƙayyade, kana mai shi ya yarda jama'a su yi amfani da shi kyauta. Hoton da ya kasa cika ɗaya daga cikin waɗannan, kome kyansa, ba zai kai ga kyauta ba.

Wannan darasi ya shafi duk wata ƙungiyar unguwa da ke da niyyar shirya gasa tsakanin 'ya'yanta, a Magajiya ta garin Suleja ne, ko a Sabon Badun, ko Agege. Ya kuma shafi 'yan kasuwa da ma'aikata mazauna Ikko da Shagamu da Anacha, gama su ne akan aiko wa daga gida a nemi gudummawar kofi ko kuɗin kyauta. Mutumin da ya ba da dukiyarsa, aka ƙare da zargi da gaba tsakanin samarin unguwarsu, ya yi hasara biyu.

GARI MAI ABIN ƊAUKA

Magajiya ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Suleja, kuma mai hoton da ke zaune a can ba ya bukatar kuɗin mota mai yawa kafin ya sami abin ɗauka. Garin shi ne tsohuwar Abuja wadda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi mazaunin sabon babban birnin tarayya a 1976, sai garin ya bar wa sabon birnin sunansa, aka koma kiransa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Ga fadar Sarkin Zazzau Suleja da hawan Salla, ga Dutsen Zuma kusa da Madalla wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100 tun 1999, ga kuma tarihin ginin tukwane. A garin nan ne wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta yi suna har Turai da Amurka. Ita ce ake gani a bayan takardar naira 20 tana aikin tukunya.

Magina kuwa sun fi kowa sanin ma'anar karin maganar nan da ke cewa tun ran gini ran zane, domin in yumɓu ya bushe zane ba ya kamawa. Haka dokar gasa take. Ranar da aka yi shelar gasa, ranar ake kafa ta. Wadda aka ƙirƙiro bayan an riga an ga hotuna, ko da mai kyau ce, kowa zai ce don a taimaki wani ko a kayar da wani aka yi ta.

RABA RUKUNI

Ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto don sha'awa sun daɗe a duniya, sun kuma sha rigimar gasa har sun koyi yadda ake kauce mata. An kafa babbar ƙungiyar masu hoto ta Ingila a Landan tun 1853, ta Amurka a 1934, sa'an nan a 1950 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin ƙasashen duniya da ake kira FIAP a birnin Bern na ƙasar Suwizalan. A ƙarƙashin irin waɗannan akwai ƙananan kulob-kulob na garuruwa, inda malamin makaranta da direba da ɗan fansho ke haɗuwa da yamma su gwada hotunansu.

Abu na farko da dokokin irin waɗannan kulob ke yi shi ne raba rukuni. Akan ware 'yan koyo daban da waɗanda suka goge, a ware hoto mai kala daban da baƙi da fari, a kuma ware wanda aka wanke a takarda daban da wanda ake haskawa a allo. Wani lokaci a ba da batu ɗaya kowa ya ɗauko a kai, wani lokaci a bar kowa ya kawo abin da ya ga dama. Akan iyakance yawan hotunan da mutum ɗaya zai shigar, biyu ko uku, don kada mai kuɗin wanke hoto ashirin ya danne mai kuɗin ɗaya. A Ingila har girman kwalin da ake manna hoto a kai an daidaita, galibi santimita 50 da 40, domin kada girma ya ruɗi idon alƙali.

A unguwa irin Magajiya, rabon da ya fi zama dole shi ne tsakanin mai wayar hannu da mai babbar kyamara, da kuma tsakanin ɗan koyo da mai shagon hoto wanda da sana'ar yake ci. In aka haɗa ɗalibin sakandare da mai ɗaukar hoton biki a rukuni ɗaya, shekara mai zuwa ɗalibin ba zai dawo ba. Ranar rufe karɓar hotuna ita ma a faɗe ta da sa'arta, kuma in ta wuce ta wuce, ko ɗan shugaban ƙungiya ne ya makara.

INA IYAKAR GYARA?

Tun zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu ake gyara shi, a ƙara haske nan, a rage can, a yanke gefe. Abin da kwamfuta da wayar hannu suka kawo shi ne sauƙin cire abu ko ƙara shi ba tare da an gane ba. Saboda haka manyan ƙungiyoyi suka ja layi. A rukunin hotunan dabbobi da daji, ƙa'idar FIAP da ta ƙungiyar Amurka ta yarda a yanke gefe, a daidaita haske da kala yadda za su yi kama da abin da ido ya gani, amma ta hana a ƙara wani abu, ko a matsar da shi, ko a goge shi daga cikin hoton.

Alal misali, wanda ya ɗauki Dutsen Zuma sai wayar lantarki ta gitta masa, yana iya matsawa gaba ya sake ɗauka, ko ya yanke gefen da wayar take. In ya goge ta da na'ura, ya fita daga ƙa'idar hoton gaskiya. Haka wanda ya ɗauki hawan Salla, ya ga dawaki sun yi kaɗan, ya kwafo biyu ya ƙara.

Kada mai karatu ya ɗauka 'yan koyo kaɗai ke faɗawa wannan rami. A gasar World Press Photo, wadda aka kafa a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1955, kuma tana cikin mafiya girma ga masu hoton jarida, a 2015 an fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka. Yadda aka gane su kuwa shi ne an nemi kowa ya kawo ɗanyen hoto, watau asalin abin da kyamara ta ajiye kafin a taɓa shi, aka gwada da wanda aka shigar. Ƙaramar ƙungiya ma tana iya yin haka ba da kuɗi ba: a rubuta cewa duk wanda ya kai ga kyauta zai nuna asalin hoton a cikin wayarsa ko kyamararsa, tare da waɗanda ya ɗauka kafinsa da bayansa. Na'urar da kanta tana rubuta rana da lokaci a jikin kowane hoto.

Masu son haɗe-haɗe da wasa da kala su ma ba a kore su ba. Kulob da yawa suna da rukunin ƙirƙira, inda aka yarda a haɗa hoto da hoto, muddin kowane yanki mai shiga ne ya ɗauka. Laifin yana wajen kai haɗaɗɗen hoto rukunin da aka ce na gaskiya ne.

KERKECI NA HAYA

Akwai kuma ƙaryar da ake shiryawa tun kafin a danna kyamara. A 2009 wani mutumin Sifen, José Luis Rodríguez, ya ci babbar kyautar gasar hotunan namun daji wadda Gidan Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa, da hoton kerkeci yana tsallake ƙofar shinge da dare. A watan Janairu na 2010 alƙalai suka ƙwace kyautar, bayan da bincikensu ya nuna musu cewa bisa ga dukkan alamu kerkecin horarre ne, alhali doka ta hana amfani da irinsa. Mutumin ya musanta, amma hukuncin ya tsaya.

A gasar 2017 kuma wani mutumin Barazil, Marcio Cabral, ya ci kyautar wani rukuni da hoton wata dabba mai cin gara tana dafe da shuri cikin dare. A watan Afrilu na 2018 aka soke kyautar, domin masana biyar da aka sa su duba, kowa shi kaɗai, duk sun ce busasshiyar dabba ce da aka cusa wa kaya aka tsayar don baƙi a ƙofar gandun dajin Emas. Shi ma ya musanta, sai dai hotunan da ya ɗauka kafin wannan da bayansa babu dabbar a cikinsu. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Bayanin da ake rubutawa ƙarƙashin hoto shi ma yana cikin hoton. A waccan gasa ta World Press Photo ta 2015 an karɓe kyauta ta ɗaya daga hannun wani mutumin Italiya, Giovanni Troilo, saboda ɗaya daga cikin hotunan da ya ce a garin Charleroi na Beljiyam ya ɗauka, ashe a wata unguwar Brussels ce. Mutanen Suleja sun san zafin irin wannan kuskure, domin sau da yawa akan buga hoton Dutsen Zuma a rubuta Abuja a ƙasa, alhali dutsen a Jihar Neja yake. Don haka dokar ƙungiya ta tilasta wa kowa ya rubuta wuri da ranar da ya ɗauki hotonsa, in kuma shi ya tsara mutanen da ke ciki ya ce su tsaya haka, ya faɗa.

HOTON DA BA A ƊAUKA BA

Sabuwar fitina ita ce ƙirƙirarriyar basira, watau manhajar da za a rubuta mata bayani ta zana abin da ya yi kama da hoto sak, ba kyamara ba komai. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyautar rukunin ƙirƙira a gasar hotuna ta duniya da kamfanin Sony ke ɗaukar nauyi, sai ya hau mumbari a Landan ya ƙi karɓa, ya ce na'ura ce ta haɗa hoton, kuma irinsa bai kamata ya yi takara da hoton kyamara ba. Yau wayoyin hannu da yawa suna zuwa da maɓallin goge mutum daga hoto ko sauya sararin sama. Dokar da ba ta ambaci wannan a fili ba ta bar ƙofa a buɗe, kuma ranar raba kyauta za a yi ta musun abin da ba a rubuta ba.

ALƘALAN GASA

Gasar unguwa ta fi mutuwa a hannun alƙalai, domin kowa ya san kowa. Maganin da kulob-kulob suka daɗe da samu shi ne a ɓoye sunan mai hoto. Sakatare ya karɓa, ya ba kowane hoto lamba, ya riƙe takardar sunaye, shi kuma ba ya cikin masu yanke hukunci. Wanda ya buga sunansa ko tambarin shagonsa a fuskar hoto ya fitar da kansa. Kulob da yawa a Ingila sukan gayyato alƙali daga wani gari, ya ba da maki bisa 10 ko 20, ya kuma faɗi dalilinsa a gaban kowa, don wanda bai ci ba ya koma gida da ilmi. A manyan nune-nune kuwa akan sa alƙalai uku, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, a tara.

Ga Suleja abin da sauƙi, tun da Minna da Abuja da Kaduna duk suna da gogaggun masu hoto da malaman zane. A rubuta cewa alƙali ba zai shigar da hoto ba, shi da 'ya'yansa da yaran shagonsa. Mai ba da kyauta ma, ko daga Ikko ya aiko da ita, girmansa shi ne a kira sunansa ranar taro, ya miƙa kofi, amma ba shi da ƙuri'a. A kuma ajiye kwanaki kaɗan bayan sanar da sakamako don mai ƙorafi ya kawo hujjarsa a rubuce ga dattawa biyu ko uku waɗanda aka zaɓa tun farko.

MUTUNCIN WANDA AKA ƊAUKA

Dokokin Turai ba za su wadatar a nan ba sai an ƙara da na gida. Matar aure a cikin gidanta, da almajiri da ƙoƙonsa, da majinyaci a gadon asibiti, da gawa a makara, duk suna iya ba da hoto mai taɓa zuciya, amma kowannensu yana da dangi a unguwar da za a kafe hoton. 'Yan Arewa mazauna Kudu sun san ɓacin ran da ke cikin ganin an ɗauki hoton mabaraci ɗaya a bakin gada an ce ga Bahaushe. Bai kamata ƙungiyar gida ta yi wa nata abin da take kuka da shi in baƙo ya yi ba. Doka ta ce duk hoton da fuskar mutum ta fito sosai a wurin da ba taron jama'a ba, sai da yardarsa, in yaro ne da yardar iyayensa ko malaminsa.

Akwai kuma dokar ƙasa. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro da aka keɓe, ga shi kuwa akwai barikin soja a yankin Zuma. Ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, shi ma tashinsa yana bukatar izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama. Ƙungiyar da ta ja kunnen 'ya'yanta tun farko ta hutar da kanta zuwa beli.

HOTON NA WANE NE BAYAN GASA?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda 'yan koyo suka fi mantawa da ita. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare hoto har shekara 50, kuma shiga gasa kaɗai ba ya raba mutum da haƙƙinsa sai in ya sa hannu a kan haka. A Wiki Loves Africa sharaɗin a bayyane yake: mai shiga yana sakin hotonsa a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa a duniya damar amfani da shi, har a harkar kasuwanci, muddin an ambaci sunan mai shi, kuma ba a janye wannan izini daga baya. Amfaninsa shi ne hoton garinsu zai shiga Wikipedia da littattafai da jaridu ɗauke da sunansa. Wanda ya san haka ya yarda, ya yi ciniki da idonsa a buɗe. Abin gudu shi ne gasar da za ta ɓoye a ƙasan takarda cewa duk hoton da aka shigar ya zama mallakar masu shiryawa, a ba mutum ɗaya kyauta, a kwashe aikin mutum ɗari.

Darajar hoto kuwa takan fito ne bayan shekaru. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere ya soma ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, a lokacin da mutane ke ganin kitso abu ne na kullum. Kafin rasuwarsa a 2014 hotunan sun shiga manyan gidajen nune-nune na Turai. Hawan Sallar Kano ma, wanda masu hoton birnin suka daɗe suna bi, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Yaron da ya ɗauki tsohuwar magina a bakin aikinta bana, bai san abin da yake riƙe da shi ba tukuna. Saboda haka dokar ƙungiya ta ce hoto na mai shi ne, ƙungiya tana da izinin kafe shi a wurin nuni da buga shi a sanarwarta da sunansa, abin da ya wuce haka sai an sake tambayarsa.

Dukkan waɗannan sharuɗɗa ba su fi shafi ɗaya ba in an rubuta su da Hausa mai sauƙi. A karanta su a gaban taro ranar da aka yi shela, a manna kwafi a ƙofar wurin taron, kowane mai shiga ya sa hannu a nasa. Shi kuma ɗan'uwa mazaunin Idi-Araba ko Obalende, in aka aiko masa daga gida ana neman kuɗin kyautar gasa, kafin ya tambayi lambar asusu sai ya ce a fara aiko masa da wannan shafi ya gani.